Tsara Shafin Intanet da Dandalin Cikin Gida na Ma'aikata a Khartum da Umdurman

Sauƙin amfani, a fagen tsara shafukan intanet, shi ne gwargwadon yadda mutum zai iya biyan buƙatar da ta kawo shi shafi ba tare da ya yi ɗimuwa ko ya nemi wanda zai kama masa hannu ba. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta ɗora wannan ma'ana a kan abubuwa uku a cikin ƙa'idarta mai lamba 9241-11 da ta fito a 1998: ko mai amfani ya kammala aikin daidai, da yawan lokaci da wahalar da aikin ya ci masa, da kuma ko ya tashi da gamsuwa. Ƙa'idar ta gindaya wani sharaɗi da masu zane suka fi mantawa da shi, cewa ana auna waɗannan abubuwa ne a kan takamaiman mutane a cikin takamaiman yanayi, don haka shafin da ya ƙayatar a ofishi mai lantarki dare da rana yana iya zama shinge ga ɗalibar da ke riƙe da tsohuwar waya a unguwar Umbadda, can yammacin Umdurman. Bayanin da ke biye ya shafi ma'aikatar da ke hulɗa da jama'a, kamar jami'a ko asibiti ko ƙungiyar agaji, wadda ke son gina shafi domin mutanen waje da kuma dandalin cikin gida domin ma'aikatanta a babban birnin Sudan.

Babban birnin garuruwa uku ne da kogi ya raba, Khartum da Umdurman da Bahri, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, kuma duk takardar da shafi ya kasa bayarwa tana nufin mutum zai tsallaka gada ya bi layi a gaban taga. Daga cikin masu wannan zirga-zirga akwai Hausawa iri biyu. Akwai 'yan ƙasa, zuriyar alhazai da masu hijira waɗanda suka zauna a kan hanyar Makka, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, waɗanda Larabci ne harshen karatunsu ko da Hausa ce harshen gida. Akwai kuma ɗalibai daga Najeriya da Nijar da Gana, waɗanda da yawansu suka yi karatu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum, wadda ta samo asali daga Cibiyar Musulunci ta Afirka kafin ta zama jami'a a 1992. Rukuni na biyu yana zuwa da fasfo, da lambar wayar wata ƙasa, da sunan da aka rubuta da boko, kuma waɗannan ƙananan bambance-bambance su ne wuraren da fom yakan maƙale.

Mai tsarawa ba zai fara zane ba sai ya san tarihin layin da shafinsa zai bi. Takunkumin kasuwanci da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ya toshe wa mazauna ƙasar manhajoji da hidimomin intanet masu yawa, kuma sai a Disambar 2020 aka cire ta daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci. An katse intanet na waya fiye da wata guda daga 3 ga Yunin 2019, aka sake katse shi fiye da makonni uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kawo matsala ta daban, domin gine-ginen da ke ɗauke da kwamfutocin ma'aikatu sun faɗa cikin fagen daga, sannan a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. Katsewa iri biyu ke nan: wadda layi ke mutuwa alhali uwar garke, wato babbar kwamfutar da shafi ke zaune a cikinta, tana nan lafiya; da wadda uwar garken kanta ke salwanta ko a kasa isa gare ta. Kowace tana da nata magani, kuma tsarin da ya tanadi ɗaya ya bar ɗaya bai cika ba.

Matakin farko shi ne tattara ayyukan da jama'a ke zuwa yi, kuma wurin da ya fi dacewa a tattara su shi ne bakin tagar ofis. Mai tsarawa ya zauna kusa da magatakarda na 'yan kwanaki yana rubuta kowace tambaya da kalmomin mai tambayar, ya kuma duba saƙonnin da ke shigowa ta waya da WhatsApp. A jami'a, jerin yakan taƙaitu a kan neman gurbi, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, karɓar takardar shaida da tantance ta, da sanin ranar komawa karatu. Waɗannan su ya kamata su mamaye shafin farko, a rubuta kowanne da aikatau, misali "Duba sakamako" ko "Nemi takardar shaida". Kuskure ne babba a ba jawabin shugaba da tarihin ma'aikata da hotunan taro saman allo, domin wanda kuɗin datarsa ke zurarewa bai zo karanta su ba. Wurinsu yana ciki, ga mai nema.

Bayan tattarawa sai rarrabawa, kuma hanyar da ta fi arha ita ce ta kati. Ana rubuta kowane aiki ko bayani a kan ƙaramar takarda, a miƙa wa masu amfani ɗaya bayan ɗaya, a roƙe su su haɗa waɗanda suka ga sun dace da juna su kuma raɗa wa kowane tuli suna. Abin da yakan fito fili shi ne cewa jama'a ba sa bin tsarin sassan ma'aikata: ɗalibi bai damu ba ko takardar shaida tana hannun ofishin jarrabawa ne ko na harkokin ilimi. Kasuwar Umdurman ma a kan haka aka san ta, layin masu zinariya daban, na masu kayan yaji daban, mai saye yana bin kayan da yake so ba tare da ya san sunan mai shago ba.

Nauyin shafi shi ne abu na gaba. Jakob Nielsen, a littafinsa na 1993 kan sauƙin amfani, ya bayyana iyakoki uku na haƙurin mutum a gaban na'ura: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana kama da amsa nan take, daƙiƙa 1 ba ta yanke tunani, daƙiƙa 10 kuwa ita ce iyakar da hankali ke tsayawa a kan aiki. A kan layi mai rauni, cika wannan sharaɗi yana buƙatar rage girman hotuna, da guje wa bidiyo mai kunna kansa, da tabbatar da cewa rubutu ya bayyana kafin komai. Sanarwar da aka ɗauki hotonta aka liƙa tana da illa uku: tana da nauyi, akwatin bincike ba ya ganin abin da ke cikinta, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta iya furta ta. A kuma guji dogaro da haruffa ko taswira ko wasu sassan manhaja da ake janyowa daga kamfanonin waje a duk lokacin da aka buɗe shafi, saboda idan aka toshe su ko layin ƙetare ya yi rauni, shafin yakan tsaya cik. Launi ma ba ado kaɗai ba ne, domin ana karanta waya a tsakar ranar Khartum mai ƙuna. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1.

Harshe shi ne inda aikin ya fi buƙatar natsuwa, kuma tun ran gini ran zane, domin shafin da aka gina daga hagu zuwa dama sannan aka cusa masa Larabci daga baya ba ya taɓa zama daidai. Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu, saboda haka jerin zaɓi da teburi da kibiyar "gaba" da ta "baya" duk suna juyawa, amma lambobi ba sa juyawa, lambar waya da adireshin imel suna tafiya daga hagu ko a tsakiyar jimlar Larabci suke. Idan ba a gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka, alƙiblar kowane yanki ba, alamar ƙari da ke farkon lambar waya takan koma ƙarshe, ko kashin lambar ya hautsine. Haruffan Larabci suna haɗe da juna, don haka buɗa tazara tsakaninsu yana tsinka kalma, kuma suna buƙatar girma da tazarar layi fiye da na boko. Maballin sauya harshe ya kasance a sama, a rubuta sunan kowane harshe da rubutunsa, kuma ya kai mai karatu ga fassarar shafin da yake kai, kada ya mayar da shi farko. Inda aka ƙara Hausa, a tabbatar an ajiye komai da tsarin UTF-8 kuma nau'in haruffan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin in babu su sukan fito a matsayin akwatuna, ko a rubuta su ba lanƙwasa har ma'ana ta sauya.

Akwatin bincike yana da tasa rigima. Masu rubuta Larabci a waya sukan ƙi sa hamza a kan alif, sukan sa ha a madadin ta marbuɗa a ƙarshen suna kamar Faɗima, sukan kuma musanya ya da alif maƙsura. In manhajar bincike ta ɗauki waɗannan a matsayin haruffa mabambanta, ma'aikaci zai nemi sunan ɗalibin da ke cikin rajista a ce masa babu. Maganin shi ne a daidaita haruffan kafin a gwada su, a cire wasulla, a kuma karɓi lambobi ko da siffar da ake rubuta su a Larabcin gabas ko da ta boko aka shigar da su. A ɓangaren boko, sunan da fasfon Najeriya ya rubuta Usman ana iya samunsa Osman a takardar Sudan, Muhammad kuma ya zama Mohamed, don haka a ajiye sunan kowane mutum da rubutu biyu, a kuma ɗaure bayanansa da lamba guda wadda ba ta canzawa.

Fom shi ne wurin da ake yawan rasa mutane. A Sudan al'ada ce a rubuta suna huɗu a jere, na mutum da na uba da na kaka da na uban kaka, alhali fasfon Najeriya ya raba suna zuwa na dangi da na yanka. Fom ɗin da ya wajabta gurbi huɗu zai sa baƙo ya ƙirƙiri suna, wanda daga baya zai saɓa wa takardar shaidarsa. Haka nan ɗan ƙasa yana da lambar ɗan ƙasa, baƙo kuwa sai lambar fasfo, kuma gurbin waya ya karɓi lambobin kiran ƙasashen waje, irin su 234 da 227 da 235 da 20, kamar yadda yake karɓar 249 ta Sudan. Dogon fom a raba shi gida-gida, a riƙa ajiye abin da aka cike a kowane mataki, ta yadda in layi ya ɗauke a shafi na uku ba sai an koma na farko ba. Saƙon kuskure ya faɗi gurbin da matsalar take da yadda za a gyara ta, kada kuma ya goge abin da aka riga aka rubuta. Duk wa'adi a ambaci agogon da ake nufi, domin tun 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, ta zama tana gaban Najeriya da Nijar da awa guda, kuma tsohuwar na'urar da ba a sabunta ba tana iya rufe rajista kafin lokaci.

Biyan kuɗi ya cancanci kulawa ta musamman. Gwamnati ta mayar da rasiɗin karɓar kuɗinta, wanda aka sani da Urnik 15, na lantarki a 2015, kuma manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama hanyar da jama'a suka fi tura kuɗi da ita, har ta kai ga ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya sun dogara da ita a lokacin yaƙi. Abin da aka saba shi ne mai biya ya ɗauki hoton allon da ke nuna an tura kuɗi, wanda ake kira ish'ar, ya aika wa mai karɓa ta WhatsApp; akawu kuma ya zauna da waya a hannu ɗaya da takardar banki a ɗaya yana gwada lamba da lamba. Hoto ana iya yin jabunsa, ana kuma iya tura guda sau biyu. Tsari mai kyau zai ba kowane mai biya lambar biya tasa, ya samar da gurbin shigar da lambar mu'amala, ya ƙi karɓar lambar da aka taɓa shigarwa, sannan ya nuna wa mutum matsayin biyansa a fili: an karɓa, ana dubawa, an tabbatar. Wannan layi ɗaya na bayani yana rage yawan masu tsallaka gada domin tambaya kawai.

Kafin a buɗe shafi ga jama'a sai an gwada shi da mutane. Nielsen ya yi hujja a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli, kuma gwaji ƙanana sau da yawa ya fi babba sau ɗaya. Amma inda masu amfani suka bambanta sosai, kowane rukuni yana buƙatar nasa, don haka a gwada da mai karanta Larabci, da mai karanta boko, da dattijon da bai saba da waya ba. A ba mutum aiki na gaske a kan wayarsa da layinsa, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani, mai lura kuma ya yi shiru ko da ya ga an kauce hanya, domin wurin kaucewar shi ake nema. Tambayar ko shafin ya yi kyau ba ta da amfani sosai a cikin al'umma mai kara, inda baƙo ba ya kushe aikin mai masaukinsa a gabansa. Abin da hannu ya yi shi ake rubutawa.

Dandalin cikin gida, wanda ake kira intiranet, shafi ne da ma'aikatan wuri kaɗai ke shiga, inda ake samun fom na hutu da na sayayya, da takardun umarni, da jadawalin aiki, da jerin ma'aikata da lambobinsu. Fa'idarsa ta musamman a Khartum ita ce, in uwar garkensa tana cikin harabar ma'aikata, an haɗa ta da ofisoshi ta waya ko ta iska, an kuma tanadar mata batir da farantan hasken rana, aiki yana ci gaba ko an katse intanet a gari baki ɗaya, wanda shi ne maganin katsewa iri na farko. Abokin hamayyarsa shi ne zauren WhatsApp, inda sanarwa ke isa da sauri amma take nutsewa a ƙarƙashin gaisuwa, kuma takarda ɗaya ke yawo da siffofi uku. Hana zauren ba ya yiwuwa. Abin da ke aiki shi ne a mayar da shi wurin shela kawai, a riƙa tura mahaɗin da ke kai wa ga takardar asali. Kowane shafi na dandalin ya ɗauki sunan ofishin da ke da alhakinsa da ranar da aka duba shi, wanda ya tsufa kuma a cire shi, saboda ma'aikacin da ya taɓa cika tsohon fom aka dawo masa da shi ba zai sake yarda da dandalin ba. Izinin shiga a raba shi bisa muƙami, kuma a rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi.

Dabarar dijital, wato shirin dogon zango da ke fayyace abin da ma'aikata za ta yi da fasaha da abin da za ta bari, tana farawa ne da tambayar waɗanne bayanai ne rasa su zai cutar da mutane. Sakamakon ɗalibai da fayilolin majinyata da rajistar albashi suna gaba da komai, domin ɗalibin da ya tsere zuwa Alƙahira ko Kano ba shi da hanyar ci gaba da karatu in rajistarsa ta ƙone. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Abin da 2023 ta nuna shi ne cewa wani gini a cikin birnin ɗaya bai isa ya zama wuri daban ba. Kwafi ɗaya ya kasance a wani gari, kamar Fot Sudan inda igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku ke sauka, wani kuma a wajen ƙasa, a kulle da lambobin sirri. Sunan shafi, musamman mai ƙarewa da .sd, a yi masa rajista da sunan ma'aikata, kuma kalmomin sirri su kasance a hannun amintattu fiye da ɗaya, domin ma'aikatar da injiniyanta guda ya riƙe komai takan rasa shafinta ranar da ta rasa shi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi lafiyar mutane kai tsaye. Na farko, tsarin da ke tura lambar tabbatarwa zuwa layin waya kaɗai yana kulle duk wanda ya yi gudun hijira ya rasa layinsa, saboda haka a tanadi hanya ta biyu, kamar imel ko lambobin ko-ta-kwana da aka buga wa mutum tun farko. Na biyu, kada a tambayi ƙabila ko asalin yanki ko wani bayani da aikin bai buƙata ba, domin a ƙasar da ake yaƙi rajista tana iya faɗawa hannun da ba a yi ta dominsa ba, kuma al'ummomin da aka daɗe ana yi wa tambaya a kan asalinsu, ciki har da Hausawan Sudan, su ne za su fi jin jiki.

Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, irin su Moodle na koyarwa, sun fi dacewa da ma'aikatar da ta san ɗacin takunkumi, tunda ana iya girka su a kan kowace uwar garke ba tare da jiran lasisi daga waje ba, amma suna buƙatar wanda zai riƙa sabunta su, kuma albashinsa da kuɗin ajiya da na batir su shiga kasafin kowace shekara. A kuma tanadi ƙaramin shafi mara nauyi, mai rubutu zalla, a kan uwar garke ta waje, wanda zai ɗauki sanarwa da hanyar tuntuɓa idan babban shafi ya faɗi, tare da fom na takarda mai gurabe iri ɗaya da na allo domin a shigar da bayanan idan layi ya dawo. Aƙalla sau biyu a shekara a ɗauko kwafin ajiya a girka shi a kan wata kwamfuta daban, a sa wani ma'aikaci wanda ba shi ya yi ajiyar ba ya nemo fayil ɗin mutum guda daga ciki, a rubuta awannin da aikin ya ci da duk inda aka maƙale, a gyara takardar umarnin kafin gwaji na gaba.